Ra'ayinmu: Kada a tsare mace firinsifal a makarantar 'yan mata kaɗai

A 1863, ana tsaka da yaƙin basasar Amurka, aka naɗa Sarah Garnet shugabar makarantar gwamnati a birnin New York, baƙar mace ta farko da ta hau wannan kujera a birnin. Ta yi shekara 37 tana shugabanci, har 1900. Sai dai makarantar da aka damƙa mata ta 'ya'yan baƙar fata ce. Shekara 100 cif bayan haka, a 1963, Efunjoke Coker ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci Queen's College ta Legas, wadda Turawa ke riƙe da ita tun buɗewarta a 1927. Ita kuma ta 'yan mata ce zalla. Dukansu an ba su shugabanci, amma a wurin da hukuma ta ga ya dace da irinsu.

Har yau haka abin yake a galibin jihohin Arewa. Malama takan zama firinsifal, amma da wuya a ba ta sakandaren maza, ko babbar makarantar jeka-ka-dawo da ta haɗa maza da mata.

Masu kare wannan tsari suna da hujja. Uban da ke shakkar kai 'yarsa makarantar kwana yakan saki jiki idan ya ji Hajiya ce ke riƙe da wurin, kuma akwai damuwar da yarinya ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Nana Asma'u mata ta naɗa a matsayin jaji, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu mata. Bayan sace ɗalibai mata da aka yi a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, duk abin da zai kwantar wa iyaye hankali ba abin wasa ba ne. Ƙwararrun malamai mata kuma ba su wadata ba, musamman a karkara. Idan aka kwashe su, 'yan mata ne za su yi asara.

Hujjar da ba mu karɓa ba ita ce wai samari ba za su ji maganar mace ba. Da yawa daga yaran nan mata ne suka koya musu karatu a firamare. Abin da ke ladabtar da ɗalibai shi ne malami ya shiga aji a kan lokaci, abinci ya isa, doka ta hau kan kowa. Akwai kuma batun ƙarin girma: daga cikin firinsifal-firinsifal ake yawan zaɓo daraktocin shiyya da na ma'aikata, don haka wadda aka taƙaita wa makarantu an taƙaita mata hanyar hawa.

Matsayinmu shi ne a bar makarantun kwana na 'yan mata a hannun mata, tare da katanga, masu gadi da gidan zama a cikin harabar. Sauran makarantu kuwa, ma'aikatun ilimi su tallata guraben a fili, a yi jarrabawa da ganawa, wanda ya ci a ba shi, mace ko namiji. Ba ma neman a ware wa mata kaso. Muna neman kowace jiha ta wallafa jerin shugabannin makarantunta duk shekara, a ga mata nawa ne da irin makarantun da aka ba su.