Rajistarmu Ce Hujjarmu

A kasuwar Dawanau babu ɗan kasuwar da bai san adadin buhunan da ke shagonsa ba. Mu kuwa kullum muna kiran suna, kowace shekara muna cike takardun ƙidayar makarantu, alƙaluman su tafi ofis, mu zauna hannu rabbana.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Waninmu ya taɓa ganin haka a ajinsa?

Masu cewa lissafin kwamfuta ya fi ƙarfin malamin firamare, so suke mu dawwama muna kuka babu hujja. Manhajar R kyauta ce. Mu tattara rajistocin makarantun Dawakin Tofa, mu fitar da jadawalin cunkoso aji-aji, da yadda yara ke raguwa lokacin girbi. Ranar zama da hukuma, mu shimfiɗa shi a kan teburi.