Bangaskiya da Buhun Citta

'Yan'uwana ɗalibai, bishara ta daɗe a Kwoi, domin 'yan mishan na SIM sun sauka a ƙasar Ham tun 1910. Ran Lahadi majami'u a cike suke, Zumuntar Mata na raira waƙa har jiki ya yi sanyi. Amma ni a ganina, a kasuwa ake gane wanda ya girma cikin ruhu.

Citta ce arzikinmu. A shekarar 2023 cuta ta ruɓar da gonaki a Jaba, Kachia da Kagarko, iri ya yi tsada, manoma da dama suka faɗa cikin bashi. To, mai ragowar iri, me ya yi wa gwauruwar da ke zaune kusa da shi a sujada? Ya taimaka mata, ko ya ninka mata kuɗi? Wanda ke cusa citta mai danshi a tsakiyar buhu don ya ƙara nauyi, shi ma fa yana ba da zakka, wataƙila ma shi ne mai jan addu'a.

Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ba ta sassauta wa irin wannan bangaskiya ba. Ina roƙon fastocinmu su riƙa koyar da maganar mudu da sikeli a ajin baftisma, kafin lokacin tonon citta ya zo.