Mai Gyaran Firiji Da Takardar Shaidarsa

Da zarar zafin watan Maris ya kama a Kano, Yola ko Sakkwato, sai layi ya cika a shagon mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Sana'a ce mai ci, kuma yawancin matasanmu sun koye ta a gindin maigida, ba a aji ba. Wannan ba laifi ba ne. Damuwarmu ita ce yaro ya yi shekara biyar yana riƙe wa maigida sufana, a yi masa bikin yaye, ya fita ba shi da ko takarda ɗaya da ke shaida abin da ya iya.

Hanyar samun takardar tana nan. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana shirya jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku: ana farawa daga daraja ta 3, a hau ta 2, a ƙare a ta 1. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana ba da tata shaidar a fannin firiji da sanyaya ɗaki. Mai neman kwangilar asibiti ko ofis kuwa sai ya ƙara da rajistar sunan kasuwancinsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, domin da wuya a damƙa babban aiki ga mutumin da ba a san shi a rubuce ba.

Wani zai ce ai hannu ke gyara, ba takarda ba. Gaskiya ne, sai dai aikin ya sake fuska. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, an haramta tsohuwar iskar gas ta R12 saboda tana ɓata rufin sama da ke kare mu daga kaifin rana, ƙasashe masu tasowa kuma suka daina shigo da ita a 2010. Ita ma R22 ta tsofaffin na'urorin ɗaki tana kan hanyar fita. Firiji na yanzu yawanci R600a yake sha, ita kuwa tana kama wuta kamar gas na girki. Yaron da ya saba kunna wutar walda a kan bututu kafin ya tabbatar gas ya fita sarai, yana wasa da ransa da na masu gida. Haka ma wanda ke gwada yoyon bututu da iskar oksijin ta masu walda a maimakon naitirojin: oksijin da man injin idan suka haɗu cikin matsi, fashewa suke yi. Ga kuma masu ɗura gas ba tare da sun zuƙe iska da danshi daga bututu ba. Na'ura za ta yi sanyi ranar da aka biya kuɗi, bayan 'yan watanni injin ya ƙone, a ɗora wa wutar lantarki laifi.

A Amurka, tun 1994 ba a yarda mutum ya taɓa gas ɗin sanyaya ba sai ya ci jarrabawar da hukumar kare muhalli ta amince da ita. A jihar Kalifoniya, sai ya nuna ƙwarewar shekara huɗu kafin a ba shi lasin ɗan kwangila. Ba mu ce a kwafo tsarinsu ɗungurungum ba. Doka mai tsauri a nan za ta iya zama wata ƙofar karɓar na goro, ta kuma kori dattawan da suka ƙware amma ba su yi boko ba. Abin da muke roƙo shi ne a gwada mutum a gaban na'ura, a yi masa tambaya da harshen da yake ji, kuma a hukunta duk jami'in da ya sayar da takarda ga wanda bai zauna jarrabawa ba.

Iyaye, lokacin da kuke kai yaro koyon sana'a, ku sa maganar jarrabawa cikin yarjejeniya tun ranar farko, har da wanda zai biya kuɗinta. Masu gida kuma kada ku ji tsoron yaronku zai fi ku. Sunanku ne zai ɗaukaka. Kwamitocin da ke sayen na'urori domin majami'u, makarantu da ɗakunan shan magani, ku tambayi mai haɗawa takardarsa, ku kuma tambaye shi wane irin gas zai ɗura kafin ya hau tsani.