Itacen Girki Ne Ya Ɗora Mu Sama A Jerin Ƙasashe

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, masana sun saba jera ƙasashen duniya bisa ga amfaninsu da makamashin da ba ya ƙarewa, watau ƙarfin ruwa da iska da hasken rana da itace. A lissafin Bankin Duniya, kimanin kashi 80 cikin 100 na makamashin da Nijeriya ke amfani da shi daga wannan rukuni yake, har mun shige gaban Jamus da Ingila da Amurka nesa ba kusa ba. To, kada kowa ya yi saurin buga ƙirji. Abin da ya ɗaga mu shi ne itace da gawayin da iyayenmu mata ke girki da su, domin ba su da wani abin.

In aka koma ga wutar lantarki, sai jerin ya juye. Habasha kusan duk wutarta daga ruwa take, ta kuwa buɗe babbar madatsarta ta kogin Nilu a 2025. Kenya tana samun wajen kashi 90 cikin 100 daga tururin ƙarƙashin ƙasa da ruwa da iska. Mu kuwa, duk da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro, mafi yawan wutarmu daga gas take, ba ta kuma ishe mu ba.

Maiduguri ta ɗanɗana kuɗar wannan hali. A watan Janairu na 2021 'yan ta'adda suka rusa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki suka sake fasa su. Birnin ya yi watanni cikin duhu, masu walda da masu injin niƙa suka koma ga janareta da man fetur mai tsada. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta buɗe tashar gas mai megawat 50 a garin. Madalla da ita, amma gas daga nesa ake kawo shi, alhali rana kullum tana bisa kan mutanen Barno, ba ta da turken da wani zai dasa wa nakiya.

Ga kuma matan da ke shiga daji neman itace a bakin ransu, ga hamada tana matsowa duk inda aka sare bishiya. Wannan shi ne kashi 80 ɗin da aka rubuta mana.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyinku na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun: in an tara gudummawar gida, a sa farantan hasken rana a rijiyar burtsatse da asibitin ƙauye. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi gida nawa zai haskaka a mazaɓarsa, da kuma yaushe. Da haka za a san matsayinmu na gaskiya a cikin ƙasashe. Allah ya sa mu dace, amin.