Alfaharin Uba da Godiya ga Allah

Ya ku 'yan'uwa, akwai wata magana da mu kan ji a bakin dattawan Kirista maƙwabtanmu a nan Nasarawa, wadda ta isa mu tsaya mu auna ta, tun da ya ke mu ma renon 'ya'yan mutane mu ke koyo. In ka gai da ɗayansu, ka tambaye shi yara, sai ya shiga lissafa maka: wannan likita ce, wancan lauya ne, auta kuwa yana koyarwa. Kafin ka ce madalla, sai ya rufe da cewa, "Ba ƙoƙarina ba ne, aikin Ubangiji ne." Waɗansu su kan yi murmushi, su ce ai fahariya ce aka lulluɓe da mayafin godiya. Mu dai a ganinmu gaskiya dattijon ya faɗa.

Ga misali. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi aka kashe wani Malam Ibrahim a kasuwar Kurmi saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Almajiransa, watau Isawa, suka watse wajen Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Mila a Zariya, suka karɓi addinin Kirista, suka zauna a Gimi. Ciwon barci ya auka wa ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa. Cikin zuriyar waɗanda suka tsira aka haifi Ishaya Audu a Anchau a 1927. Ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma zama Ministan Harkokin Waje a 1979. To, uban da annoba ta tsallake shi ta ɗauki maƙwabcinsa, in ɗansa ya kai wannan matsayi, da wane baki zai ce dabararsa ce?

Haka kuma Yohanna Gowon, mai bishara a Wusasa. 'Ya'ya goma sha ɗaya gare shi, na biyar ɗinsu, Yakubu, shi ya zama Shugaban Ƙasa a 1966. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, horo ɗaya, amma kowa da rabonsa. Da horon uba kaɗai ke yin shugaba, ai da gidan ya fid da shugabanni goma sha ɗaya.

Kada fa a zaci godiya irin wannan ta malalaci ce. Iyayen da ke faɗinta su ne suka hana kansu sabuwar riga don su biya kuɗin makaranta, suka kwana a zaune ran da yaro ke zazzaɓi. Manomi ya kan yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai, amma bai taɓa saukar da ruwa ba, shi ya sa da kaka ba ya yi wa fartanya kirari.

Duk da haka akwai ma'auni biyu da za a gane godiya ta gaskiya. Na farko, uban ya gode saboda ɗansa kafinta mai amana kamar yadda ya ke godewa saboda likita. Na biyu, ya iya bakinsa gaban wanda bai haihu ba, da wanda ɗansa ya lalace, gama mai cewa kyauta aka yi masa ba shi da ikon yi wa wanda bai samu ba gori. In ya kasa waɗannan, to, masu murmushin nan sun yi gaskiya.

Mu fa, ina namu? Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a nan Nasarawa a 1909, malamin makaranta ya shiga cikin masu rabon yabo in yaro ya zama mutum. Ran da sakamakon jarrabawa ya fito, za mu so mu bugi ƙirji mu ce yaranmu ne, waɗanda suka faɗi kuwa mu ce daƙiƙai ne tun daga gida. Wannan zalunci ne. Malamin da ya san basira baiwa ce daga Allah ba zai raina na ƙarshen aji ba, ba kuwa zai kumbura saboda na ɗaya ba.

Tun muna makarantar allo aka koya mana mu ce alhamdu lillahi a kan kowace ni'ima. In mun ji maƙwabci ya faɗi irinta bisa hanyar addininsa, ya kamata mu taya shi murna da zuciya ɗaya. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu riƙe amanar 'ya'yan mutane, amin.