Kashi 30 ɗin da wayarka ke nuna maka, kintace ne

Ka taɓa ganin wayarka na nuna kashi 30, kana tsaka da hira a WhatsApp, sai ɗif ta mutu? Ba aljanu ba ne. Wayar ba ta ganin cikin batirinta. Ƙarfin wutar da ke bakinsa take aunawa, ta lissafa abin da ya shiga da wanda ya fita, sannan ta kintata. Da batir ya tsufa, sai lissafin ya fara kwaɓewa.

Shi ya sa masana ke neman leƙa cikin batirin da haske. Zaren gilashi ne, irin mai ɗauko intanet, siriri kamar silin gashi. Sai a cusa shi cikin batir, a tura haske ta cikinsa. Idan zafi ya ƙaru ko cikin batirin ya kumbura, hasken da ke dawowa sai ya ɗan sauya, na'ura ta karanta. Gilashi ba ya ɗaukar lantarki, don haka babu fargabar ya haɗa tartsatsi. Abin da ya fi burge ni: girafait, baƙin sinadarin da ke cikin batirin litiyum, yana komawa ruwan zinare idan ya cika da caji. Wato caji ma launi gare shi!

Ba tatsuniya ba ce. A Amurka cibiyar PARC ta gwada dabarar tare da kamfanin LG Chem, a Faransa kuma tawagar Farfesa Jean-Marie Tarascon ta wallafa nata sakamakon a 2020.

Amma kada ka sa rai da ita a wayarka bana ko baɗi. Zaren ba shi ne matsala ba, na'urar karanta hasken ce ke da ɗan karen tsada. Ina ganin motocin lantarki ne za su fara mora.

To ina ruwanmu? Ka tuna Galaxy Note 7 da Samsung ya janye a 2016 saboda yana kamawa da wuta. Wannan fa sabo ne dal daga kamfani. Mu kuwa rashin wuta ya tura mu ga sola da fawa-bank, wasu ma da tsofaffin batiran laftof aka harhaɗa su. Iyayenmu na zuba maƙudan kuɗi a batirin sola, shaidarsu kawai rantsuwar mai shago. Kai ma da ka sayi naka, da me ka gwada lafiyarsa in ban da ɗaga shi ka ji nauyi?