Kwamfutar gwanjo: a duba haƙora kafin a sallama

Wanda ya je sayen rago a kasuwar Gaya ba ya tsayawa ga kyan gashi, sai ya buɗe baki ya ga haƙora. Haka ya kamata ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya yi wa tsohuwar kwamfutar tebur, wadda muka fi sani da ordinatar, domin a yau shekarunta ne ke yanke darajarta.

Ga dalili. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Shi kuwa Windows 11 ba ya karɓar kowane inji: a ɓangaren Intel yana neman ƙwaƙwalwa ta zubi na 8, wanda ya fara fitowa a 2017, ko sama da haka, tare da kariyar da ake kira TPM 2.0. Injin da ya kasa wannan sharaɗi shi ofisoshin Turai ke saurin rabuwa da shi, arharsa kuma ita ce tarkonsa.

Saboda haka a sa mai kaya ya kunna inji, a karanta lambar ƙwaƙwalwar da ido. In lambobin huɗu ne, ta farko bayan ɗan layin ita ce haƙorin: i5-4570 zubi na 4 ne, na 2013, i5-8500 kuwa zubi na 8 ne.

Zamanmu bakin iyaka biyu yana da nasa hukunci. Kayan da suka biyo ta Kwatano galibi suna ɗauke da allon rubutu na faransanci, AZERTY. Na Legas da Kano, masu shigowa ta Kamba, QWERTY ne na turanci. Mai rubuta wasiƙar gwamnati ko takardun duwan zai sha wahala in babu é da ç a hannunsa. Allon ba tsada gare shi ba, a sauya shi. Haka nan injin da ya fito daga Amurka, inda wuta ke da ƙarfin bolt 120, wani yana da ɗan makunni ja a baya. In ba a mai da shi kan 230 ba, jonawar farko ita ce ta ƙarshe.

Gyaran da ke da amfani biyu ne. Na farko, a cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD. Nan take inji ke farkawa. Na biyu, a kai RAM zuwa giga 8, bayan an tabbatar ko DDR3 ne ko DDR4, don ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. A ƙara da sabon ɗan batirin agogo, CR2032, a busa ƙurar hunturu, a kuma nemi ondular saboda ɗaukewar wuta.

Wanda ya riga ya sayi tsohon zubi kada ya jefar. Linux Mint kyauta ne, yana kuma iya rubutu da lissafin shago. Amma ajiye asirin ciniki da lambobin banki a injin da ba a ƙara toshe masa ɓaraka, yana kuma jone da intanet, tamkar barin ƙofar sito ne a buɗe cikin dare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.